Wannan tiyon man zai sa ni hauka

Wallahi na gaji da wannan motar, wai ace tun da aka cire tallafi a 2023 mutum yana sayen fetur kamar turare, ita kuma tana zubar da shi a kasa kamar ruwan alwala! Duk inda na yi fakin sai na bar tambari, kofar gida, masallaci, har gidan surukai. Na je gareji, bakanike ya shiga karkashi ya fito yace Alhaji ai tiyon ne ya tsage, sai an canja layin gaba daya daga tanki har inji. Da wane kudin? Nace a yi dabara, ya yanke wajen ya sa guntun roba da kilif, kwana uku ya dawo yana diga. Wani yace in goga sabulu, na goga, sai kace wanka zan mata. Wani yace in daure da robar tayar keke, fetur ya cinye ta. Na tafi Kofar Ruwa neman na Belijiyam, kudin da aka fada min sai da na nemi wajen zama. Yanzu warin mai ya kama rigata, madam tana tambaya ko na fara bumburutu ne? In na hango mai tsire ko mai sigari sai gabana ya fadi, wai ni mota nake tukawa ko risho?