Doka ce ke ƙirƙiro baƙo, a Amurka da kuma a gida

A nan Amurka inda nake zaune, ba a raba 'yan siyasa da maganar baƙin haure, kuma suna yin ta kamar wasu mutane ne da aka haifa da laifi. Binciken da Farfesa Mae Ngai, masaniyar tarihi a Jami'ar Columbia, ta wallafa a 2004 ya nuna cewa doka ce ta samar da wannan rukuni. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Baturen da ya sauka daga jirgin ruwa ba ya buƙatar biza, 'yan Sin ne aka fara rufe wa ƙofa a 1882. Dokar 1924 ce ta yanka wa kowace ƙasar Turai kasonta, ta fifita arewacin nahiyar a kan Italiya da ƙasashen gabas, ta kuma toshe wa kusan dukkan 'yan Asiya hanya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin Ngai kan gyaran dokar shige da fice na 1965, wanda ake yabawa saboda ya soke wancan fifiko. An rufe shirin ɗauko ma'aikatan gona daga Meziko a 1964, sannan a 1976 aka ƙayyade wa ƙasar biza 20,000 a shekara kamar kowace ƙasa, alhali gonaki ba su daina neman ma'aikata ba. Mutanen da suka saba tsallaka iyakar da izini sai suka wayi gari masu laifi, ba tare da sun sauya komai a halinsu ba.

Mu Hausawa mun san wannan ciwo. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, cikinsu har da Hausawan zango da aka haifa a can, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora. A 1980 an ɗauke Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, aka kai shi Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne, sai da kotu ta dawo masa da haƙƙinsa.

Bambancin da nake gani yana ba ni takaici. Tun daga gyaran tsarin mulki na 1868 da hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Wong Kim Ark a 1898, yaron da aka haifa a Amurka ɗan ƙasa ne, duk da yunƙurin gwamnatin Trump a 2025 na taƙaita hakan. A Najeriya kuwa, Bahaushen da kakansa ya zo Jos haƙar kuza yana iya rasa takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ya rasa tallafin karatu da aikin gwamnati a garin da aka binne iyayensa. Ina fatan malaman tarihi na Zariya da Kano za su shiga ma'ajiyar tarihi ta Kaduna su bi diddigin wannan takarda, su faɗa mana wanda ya ƙirƙiro ta da kuma waɗanda aka yi ta domin a ware su.