Tukunyar gida daban, tukunyar biki daban: abin da ya faru a Kemper

Duk wadda ta taɓa girkin biki ta san wannan. Ki iya tuwon mutum biyar ya fito sumul, amma ranar da aka ce ga buhu guda ki tuƙa na mutum ɗari uku, sai ƙasan tukunya ya kama, tsakiya ya yi gudaji, hayaƙi ya cika miki ido, alhali dai garin nan ne, ruwan nan ne. Ni dai abin da nake tunawa kenan duk lokacin da na ji wani kamfani yana tallar cewa ya gwada na'urar tace hayaƙi "a ƙaramin mataki" kuma ta yi aiki ɗari bisa ɗari.

Yadda ake gwajin ba wani boyayyen abu bane. Tashar lantarki mai ƙona kwal ko mai tana da ƙaton bututun hayaƙi, to sai injiniyoyi su ja ɗan ƙaramin bututu a gefe su karkato wani kaso na hayaƙin zuwa wata 'yar hasumiya, a ciki ana fesa masa ruwan magani. In hayaƙin farar wuta ake son cirewa, ruwan farar ƙasa ake fesawa, in kuma iskar kabon ce akwai wani sinadari da ke shanye ta, daga baya a dafa shi ya sake ta. Ana auna abin da ya shiga, a auna abin da ya fita, a bar shi yana aiki wata da watanni, don a ga inda tsatsa za ta ci da inda toka za ta toshe da kuma wutar da na'urar kanta take sha, don ita ma fa ba kyauta take aiki ba.

Wannan gwajin dole ne, ban da ja. Inda nake da magana shi ne tsallen da ake yi bayansa.

A jihar Misisipi ta Amurka, kamfanin Mississippi Power ya fara gina wata tasha a gundumar Kemper a 2010, mai ƙarfin megawat 582. Dabarar ita ce a ɗauki kwal mara kyau mai danshi da ake haƙa a nan kusa, a mayar da shi gas, a cire kusan kashi 65 cikin ɗari na kabon ɗinsa kafin a ƙona. Kuma ba daga sama suka faɗo da fasahar ba, sun yi shekaru suna gwada ta a wata ƙaramar cibiya a Wilsonville ta jihar Alabama, tana aiki. Sai suka tashi daga wannan 'yar cibiya kai tsaye zuwa ƙatuwar tasha ninkin ba ninki, babu matsakaiciya a tsakani. An ce dala biliyan 2.4 za a kashe, za a kunna a 2014. Kuɗi ya yi ta hawa har ya kai wajen biliyan 7.5, bututun sanyaya gas na yoyo, kwashe toka ya zama jidali, yau a kunna gobe a kashe a gyara, ɗan hakin da aka raina dai. A watan Yunin 2017 suka haƙura, tashar ta koma ƙona iskar gas ta kasuwa kamar kowace tasha, wanda da tun farko ita aka gina da ba a kashe ko rabin wannan kuɗi ba. A 2021 aka sa nakiya aka rushe wani ɓangare na ginin.

To kwatanta da Petra Nova, wata na'urar kama kabon da aka haɗa da wata tashar kwal a kusa da Houston a Texas. Su fasaharsu ta kamfanin Mitsubishi ce, an gwada ta a tashar Barry, ita ma a Alabama, da hayaƙin megawat 25 tun 2011. Da za su girma sai suka je megawat 240, wato ninki goma kawai, kuma ko a nan ba duka hayaƙin tashar suka kama ba, wani yanki ne. Kusan dala biliyan 1 aka kashe, aka gama kan lokaci, ta fara aiki farkon 2017.

Na san abin da wani zai ce, ai ita ma Petra Nova an rufe ta. Gaskiya ne, a 2020 aka kashe ta, sai 2023 ta dawo, kuma ko lokacin da take aiki ta sha tsayawa. Amma dubi dalilin rufewar: kabon ɗin da take kamawa turawa ake ta bututu zuwa wani tsohon filin mai don a matso ragowar ɗanyen man da ke ƙasa, da korona ta zo farashin mai ya faɗi warwas sai lissafin ya daina fita. Ba injin bane ya gaza, kasuwa ce, kuma babu wani gwaji a bayan tasha da zai gaya maka nawa ganga za ta kai bayan shekara uku. Abin da gwaji zai iya shi ne ya nuna maka ƙarfe da ruwa da toka, shi ma a girman da ka gwada kaɗai.

Wasu kuma cewa suke mutane na shaƙar guba kullum, ina lokacin bin mataki-mataki? Ina jin zafin maganar wallahi, duk wanda ya kwana kusa da janaretan maƙwabci ya san ciwon kan da ake tashi da shi. Sai dai gaggawar Kemper ba ta tace hayaƙin kowa da wuri ba, shekara bakwai ta tafi, kuma ta ba masu cewa tace hayaƙi ɓarnar kuɗi ne abin kafa hujja har yau.

Shi ya sa in wani ya zo da takarda mai ƙyalli yana cewa na'urarsa ta cire kashi casa'in da wani abu, ni tambayata guda uku ce, da hayaƙin gaske aka gwada ko wanda aka haɗa a ɗakin bincike, awa nawa ta yi tana aiki ba tsayawa, sannan wadda kake son a saya ninki nawa ta fi wadda ka gwada. In ya fara kame-kame a ta ukun nan, to Wilsonville yake son ya tashi ya dira Kemper.