Ku daina yi wa wanda aka sako daga sijin biki

Samarinmu na Jidda da Makka, yau da ku nake, kuma wallahi raina a ɓace yake.

Aikina shi ne karɓar mutanen da aka sako daga gidan yari bisa sharaɗi. Ni nake zama da su zaman farko, in buɗe musu fayil, in tambaye su inda za su riƙa kwana, da wanda ya tsaya musu, da sana'ar da za su kama, da bashin da ke wuyansu, da ko akwai maganin asibiti da suke sha. A makon nan aka kawo mini wani yaro ɗan Hausawa, bai kai shekara talatin ba. Mahaifiyarsa na zaune a gefe, ta ƙanƙame ledar takardunsa a ƙirji. Ina tambayarsa lambar wanda za a kira idan wani abu ya taso, wayar da aka danƙa masa a bakin ƙofa sai ƙara take yi. Ya kifa ta a cinya, ta sake ɗauka. Muna fitowa sai ga abokansa a motoci, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukarsa, suna ihu wai zaki ya dawo. Kafin la'asar hoton ya zaga Snapchat har da kiɗa, an kuma sanar da istirahar, wato gidan shaƙatawa na haya, da za a kwana ana shagali. Uwar kuwa tasi ta hau ta koma gida ita kaɗai.

Wane zaki, don Allah? Mutumin da ya sa uwarsa jigilar ziyara tana bin layi a rana, shi kuke wa kirari?

Bari in gaya muku abin da da yawanku ba ku sani ba. Wanda aka sako bisa sharaɗi bai gama hukuncinsa ba. Dokar gidajen yari ta Saudiyya ta shekarar 1398 Hijira, wato 1978, ta ce ana iya sakin mutum idan ya yi kashi 3 cikin 4 na wa'adinsa, aka ga halinsa ya gyaru, kuma zamansa a ciki bai gaza wata 9 ba, sannan ya sauke haƙƙin kuɗin da laifin ya ɗora masa. Takardar sakin tana ɗauke da sharuɗɗa a kan inda zai zauna, da yadda zai nemi abinci, da kyautata ɗabi'a. Idan ya karya su, ana iya mayar da shi ya ƙarasa abin da ya rage. To ku da kuka ɗauke shi tun daren farko zuwa wajen da ake raba miyagun ƙwayoyi irin su kaftagon da shabu, kun san abin da kuka yi masa? Tun 2023 hukuma ta tsananta farautar masu ƙwaya, kowa ya gani da idonsa. In aka yi samame a istirahar nan, shi za a fara riƙewa, domin sunansa ne a rubuce. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ku kuka kira masa hadarin. Kuma mai iƙama a cikinku, wato baƙon da ke zaune da takardar izini, ya sani, ƙarshen irin wannan sau da yawa Shumaisi ne, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasa, daga can sai jirgi, zuwa ƙasar da wani ma bai taɓa taka ta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, lokacin da yake ciki ina kuke? Mu da muke duba fayil muna tambayar wa yake zuwa ziyara. Amsar kusan kullum ɗaya ce: uwa, ko yaya mace, ko matar da aka bari da yara. Kuɗin hayar istiraha da ragon mandin da kuka yanka, da kun haɗa kun miƙa wa tsohuwar nan, da ta biya hayar gida. Akwai Furijat, da aka buɗe a 2019 don jama'a su biya wa fursunonin bashi, mutum yana kwance a ɗakinsa zai iya taimakawa da waya. Akwai kwamitin Tarahum mai kula da fursunoni da waɗanda aka sako da iyalansu. Waye a cikinku ya taɓa raka uwar abokinsa can ta cike takarda? Wayar dai da kuke ɗaukar hoto da ita ce.

Sannan ga tonon silili. Yaron nan gobe zai nemi aiki, zai nemi aure. Kun watsa fuskarsa a duniya da tambarin tsohon fursuna, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkan al'ummarsa ana yi musu afuwa sai masu bayyana saɓonsu. Allah ya rufa wa bawansa asiri, ku kun yaye. Ƙannenku kuma 'yan shekara 13 da 14 suna kallo, suna koyon cewa shiga sijin wata jarumta ce. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Kada iyaye mata masu zaman WhatsApp su ce ban taɓa su ba. Ku ma kuna da naku bikin, na tsegumi: an sako ɗan wance, ko wa zai ba shi 'yarsa? Da iyaye maza masu cewa sun sallama ɗa, ba za su taka ofishinmu ba don kunya, sai a bar mace da ɗawainiya. Wanda gida ya rufe wa ƙofa ai dole ya tafi inda ake masa tafi. Ranar da aka yi wa wani mashayi haddi, wani ya ce Allah ya kunyata shi, Annabi ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwa.

Ban ce ku guje shi ba. Ku je gida ku gaishe shi a gaban mahaifiyarsa, ku ci abinci, ku bar waya a aljihu. Ku bar shi ya yi barci, ya saba da hayaniyar gari, ya tashi Asuba. Mai hanyar aiki ya yi masa hanya. Shi ke nan, ba wani abu mai wuya ba ne ga mai tsoron Allah.

Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan. Wasu sun yi shekaru a hanya, suna noma a Sudan suna tara guzuri, kafin su tsallako Bahar Maliya daga Sawakin. Abin da suka tsira da shi amana ce, har Balarabe ya bar wa Bahaushe mabuɗin shagonsa ya yi tafiya. A zamaninsu idan yaro ya fito daga hannun hukuma, da daddare ake shigo da shi gida, washegari kawunsa ya riƙe hannunsa zuwa masallaci, dattawan unguwa su yi masa faɗa a ɓoye, wani ya ɗauke shi a shagonsa. Babu mai sake tayar da maganar. Tun da aka rushe tsoffin unguwannin Jidda irin su Karantina da Sabil tsakanin 2021 da 2022, dattawan nan sun warwatse, wani ya koma gabas, wani kudu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Yaro yanzu sai ya wuce wanda ya san kakansa ko sallama babu, shi ma dattijon ya kawar da kai don gudun rashin kunya.