Su suna tsara yadda za su kai ga yara, mu muna tura saƙon murya

Wallahi na gaji da saƙon muryar nan da ke ta yawo a WhatsApp, wai an bankaɗo wani ɓoyayyen shiri na Kiristocin duniya a kan yaranmu, kowa ya tura wa mutum goma. Ɓoyayye a ina? Abin da mutanen nan suka yi wa taro a bainar jama'a a New York a 2009, suke kiransa Taga 4/14, suka zuba komai a intanet, shi ne ɓoyayye?

Lissafinsu ba wani ɓoyo a ciki. Sun ce tsakanin shekara 4 zuwa 14 ne yaro ya fi karɓar addini kuma ya riƙe shi har girma, to a nan za su zuba kuɗi da ƙarfi. Luis Bush da ya ja gaban tafiyar shi ne dai ya fito da Taga 10/40 tun da farko, yankin da suke ganin bishara ba ta shiga sosai ba, kuma in ka buɗe taswira Kano da Sakkwato da Damagaram duk suna ciki. Ba kuma jiya aka fara ba, ƙungiyar yi wa yara wa'azin Kirista ta Child Evangelism Fellowship tun 1937 take wannan aiki, su kuma 'yan ƙungiyar agaji ta Samaritan's Purse ta mai wa'azi Franklin Graham tun 1993 suke cika kwalin takalmi da fensir da buroshin haƙori da 'yar tsana, sun raba sama da miliyan 200, bayan kwalin a gayyaci yaro darasi 12 na addinin Kirista.

Ni dai ban yarda a haɗa kyauta da wa'azi ga yaron da iyayensa ba su sani ba, ko wane addini ne. Satar yara irin ta yaran Kano da aka gano a Anambra a 2019 kuwa wannan laifi ne, maganarsa ta kotu ce, kar wani ya liƙa wa malamar ECWA da ke koyar da 'ya'yan cocinta ranar Lahadi.

Amma masu ihun nan su nake so su amsa min. Yaron da kuke tsoron a kwashe, ina yake yanzu? Yana tasha da robar bara, ƙafa duk kaushi ba takalmi, shekararsa bakwai, rabonsa da uwarsa tun sallar bara, direba ya rage shinkafa su biyar su yi wawa a kai. Shi ma ai tsakanin 4 da 14 yake, kuma ba Luis Bush ne ya ɗora shi a mota ya kawo shi birni ba. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya sama da 150, je ka ga yadda da yawansu suka koma. A 2020 lokacin korona gwamnoninmu suka riƙa loda almajirai a motoci kowa na mayar wa ɗan'uwansa kamar kayan da aka saya ba su yi ba. Lokacin ban ji saƙon murya ba.

Islamiyyar unguwa fa? Yara cunkushe a tabarma ɗaya, malam da dorina, wata uku ba a ba shi ko sisi ba, alhajin da ya fi kowa tura saƙon ko kuɗin alli bai taɓa bayarwa ba. Su can suna horar da masu koyar da yara, suna rubuta darasi daidai hankalin ɗan shekara shida.

Masu cewa gwamnati ta haramta ƙungiyoyin kawai ba su da aikin yi, ka haramta kwali yunwar tana nan. Hukumar almajirai da aka kafa a 2023 a sakar mata kuɗi a kuma bi sawun kuɗin, masallatan Juma'a su ɗauki albashin malaman Islamiyya, uban da ya tura ɗan shekara biyar bara kuma mai unguwa ya kira shi ya yi bayani.