Riba a littafi, aljihu babu ko sisi

’Yan uwana masu ƙananan sana’o’i, abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Da kasuwa ta yi sanyi sai kowa ya ce babu ciniki. Gaskiya ne. Amma yawancin waɗanda na ga sun durƙushe, rashin kuɗi a hannu ne ya fara kayar da su.

Ka dubi mai shagon da littafinsa ke nuna riba, alhali rabin uwar kuɗinsa na wajen mutane bashi, sauran kuma ya kwanta a kayan da ƙura ta rufe. Ranar da mai haya ya yi sallama, littafin nan ba zai sallame shi ba. Irin wannan kayan, ka karya farashinsa ya tafi, ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba, ka sa kuɗin a abin da ke fita kullum.

Kada ka ce ai banki na nan. A Satumbar 2008, da bankin Lehman Brothers ya rushe a Amurka, bankuna sun ƙi ba juna rance ma, balle ƙaramin ɗan kasuwa. A 2020 korona ta sa an kulle kasuwanni, amma haya da albashi ba su tsaya ba. Wanda ke da ɗan abin da ya ajiye shi ya iya jira.

Inda aka fi cutuwa a ɓoye shi ne wajen sa farashi idan kaya na tashi. Ka sayar da kaya a kan lissafin tsohon sari, kana murna ka ci riba, ka koma sari kuɗin ya kasa sayo abin da ka sayar. Jarinka ka cinye ba ka sani ba. Ka yi lissafi da farashin da za ka sake sayowa.

Sannan don Allah a raba aljihun gida da na sana’a. Ka yanka wa kanka albashi, ka tsaya a kansa.

Bashi kuwa hanji ne, na sani, ba za ka hana kowa ba, musamman tsohon kwastoman da ya riƙe ka shekaru. Amma ka sa iyaka, ka rubuta ranar biya. Kai ma idan ka ga ba za ka cika alkawarin dilanka ba, ka je ka same shi tun ranar ba ta zo ba, ku sake tsara biyan.