Wanda ya jefo naman nan, ya san abin da ya kashe?

Kwana uku ke nan ina danne zuciyata, yau kam sai na faɗa. Wanda ya jefo nama mai guba ta saman katangar gidan ƙanwata, da masu tsayawa bakin masallaci bayan la'asar suna cewa "ai kare ne kawai", duk tafiyarku ɗaya a wurina. Abin da kuka kashe shi ne mai gadin yaron da bai san mota ba, bai san rijiya ba, in ya ɓata ko sunan unguwarsu ba zai iya faɗi ba.

Kun san yaron, ɗan ƙanwata. Shekararsa takwas, kalmomin bakinsa ba su kai goma ba. Mun sha yawon masu magani, an ce iska ce, an ce sammu ne, har aka kai shi Yamai lokotoro ya ce lalura ce ta ƙwaƙwalwa da ake haihuwar yaro da ita, otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Da ya ga ƙofa a buɗe, ya tafi ke nan, kuma ko ka tsage maƙogwaro da kira ba zai waigo ba. Sau biyu yana ɓata mana. Na farko an tsinto shi bakin kwalta ta hanyar Ɗan Isa, manyan motoci na wucewa ta gefensa. Na biyu cikin damina, ya miƙe ya nufi Gulbi, don irin waɗannan yara ruwa na jan su. Shekara biyu ƙanwata na kwana a bakin ƙofar ɗaki, makulli ɗaure a bakin zanenta. A cikinku masu fatawar yau, wa ya taɓa cewa kawo shi in riƙe miki awa ɗaya ki runtsa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Karen nan, Duna, shi ne ya ba ta barci. Da yaron ya doshi zaure, sai karen ya riga shi, ya gitta jikinsa a bakin ƙofa ya yi haushi biyu, ba ya ƙarawa, uwar ta fito. Ranar da ake biki a maƙwabta aka saki lasifika, yaron ya toshe kunne ya fara buga kansa da bango. Da idona na ga Duna ya zo ya kwanta a gefensa. Yaron ya ɗora tafin hannu a kan haƙarƙarin karen yana jin yadda take hawa tana sauka, har numfashinsa ya bi na karen, ya lafa. Kalmar da ya fara furtawa da kansa, ba wanda ya ce masa maimaita, ita ce "zo". Kare ya faɗa wa. Uwarsa ta yi kuka har ta gode Allah.

Yanzu a zo maganar addini, tunda nan kuke fakewa. Hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare na raguwa kullum, ingantacce ne, ban musa ba. Amma ku ƙarasa shi mana. An cire karen farauta, an cire na kiwo, an cire na gona. To in shari'a ta yarda a ajiye kare don tsaron tunkiya, don tsaron zangarniyar gero, yaro ɗan Adam fa? Tunkiya ta fi shi daraja ne? Wannan tambayar nake so a amsa mini, kuma har yau ba wanda ya amsa. Mu nan Malikiyya muka tashi muka tarar, kuma a fiƙihunmu duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki, bin umarni ne, kuma ana yi. Mai Risala da kansa, Ibn Abi Zaid, malamai sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa Imam Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Zancen mala'iku ba sa shiga gida kuwa, malamai da dama sun ce a kan karen da ba a yi izinin ajiye shi ba ne. Kuma ko a ce kun fi ni gaskiya a duk wannan, a wane babi kuka karanta cewa a ba dabba guba ta kwana tana shure-shure tana kumfa? Mace ta shiga wuta saboda kyanwa, mutum ya samu gafara saboda ya shayar da kare da takalminsa. Wannan ko yaran makarantar allo sun sani.

Kuma kada wani ya ɗauka tsintar karen aka yi a bola. Ni na zaɓo shi. Sau uku ina zuwa wani ƙauye ta wajen Madarunfa gidan wani manomi, ina zama ina kallon uwar 'yan kwikwiyon, don halin uwa shi ɗa ke ɗauka. Ban karɓe shi ba sai da ya cika wata biyu yana shan nono cikin 'yan uwansa, a nan suke koyon sassauta cizo. Na bar wanda ya fi zaƙewa, na bar wanda ke ɓuya bayan rumbu. Na saki kwano a ƙasa, wanda ya zabura sannan ya dawo yana shinshina kwanon, shi na ɗauka. Na taɓa kunnensa, na riƙe ƙafarsa, bai yi gurnani ba. An ba ni shawarar in sayo irin manyan nan masu gashi da ake kawowa daga waje, na ƙi. Zafin Maradi a watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, karen gida ne ke jure shi, shi ke cin tuwon da muka ci. Yana da wurinsa ƙarƙashin bedi, da kaskonsa, bai taɓa shiga ɗaki ba, bai taɓa hawa tabarmar salla ba. Ba a taɓa dukansa ba. Ba a taɓa barinsa shi kaɗai da yaron ba sai da babba a kusa, kuma mun sha wahala kafin yaron ya gane ba a taɓa kare yana cin abinci. Wata shida ina zuwa kullum da yamma da guntun ƙashi a aljihu kafin ya iya tsaron ƙofar nan.

Masu cewa haukan kare suke tsoro, wannan tsoro ne na gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar na kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Shi ya sa Duna na cika wata uku aka kai shi wajen likitan dabbobi aka yi masa allura, ana sabuntawa duk shekara, takardarsa na nan. Karnukan da ke yawo bakin mahauta ba mai su, wa ya yi musu? Su kun bar su, kun zo kun kashe guda ɗaya da ke da takarda. Masu cewa koyi da Turawa ne, ba ni da lokacinku. Makiyayanmu na Azawak da karnukansu suke tun kafin Jamus ta buɗe makarantar karnukan ja-gorar makafi a 1916.

Abin da ke hana ni barci shi ne, yaron nan duk abin da ya tsinta a ƙasa baki yake kaiwa. Naman ya faɗo taku biyar daga inda yake zama yana wasa da yashi. Da shi ya riga fitowa fa? Yau kwana uku, kowace safiya sai ya ɗauki kaskon ya kai bakin zaure ya ajiye, ya tsaya, ya ce "zo". Jiya ƙanwata ta ce mini, "Yaya, na koma ɗaure makulli." Na kasa ce mata komai. Wani karen zan nemo, in sha Allahu, kowa ya ji da kyau.

Kuma wai don Allah, wa ke sa ido kan masu sayar da maganin ɓera da na ƙwari a kan faifai cikin kasuwa? An ƙulla a leda, ba suna, ba rubutu, a jere kusa da masu ƙuli-ƙuli da daddawa. Shekaranjiya na tsaya na ga yarinyar da ba ta wuce shekara bakwai ba ta miƙa dala ashirin, aka ƙulla mata, ta haɗa shi leda ɗaya da gishirin da aka aike ta.