Kowa Ya Samu Sai Mai Kaya

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, uban da ke da ɗan aji shida ba ya da sakat. Babban ɗana ya tasa ni gaba, kullum sai ya karɓi kuɗin zuwa kafe wai zai gwada tambayoyin baya. Da na yi lissafin kuɗin kafe da na Keke Napep daga Pantami zuwa cikin gari, sai na ga gara in yi ta maza in kawo abin gida.

Kwamfutar girke na samu a hannun wani mai sayar da gwanjon kayan ofis. Baƙa, mai nauyi, da lambar kayan ofishin da ta fito a rubuce da farin fenti a gefenta. Ba ta kama Wi-Fi, sai an zura mata igiya. Modem kuwa sabo fil na saya, irin akwatin nan mai ƙaho biyu da ake sa wa layin waya. Mai shagon ya haɗa ni da igiya rawaya, ya ce, "Alhaji, ka soka nan, ka soka can, shi ke nan." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na karɓi sunan tunda na biya kuɗi.

Na sa layi, na loda data ta wata guda, na soka nan, na soka can, igiyar ta ce ƙyas a kowane ɓangare. Fitilun modem suka kama, kore shar. Kafin kwamfutar ta gama buɗewa, yara sun kifa akwatin sun karanta kalmar sirrin da ke manne a gindinsa. Maiɗakina ta shiga kiran bidiyo da ƙanwarta ta Kano. Daga ɗakin samari sai tashin sharhin ƙwallo nake ji.

Ni kuwa da na buɗe Chrome, sai ga wata dabba mai guntayen hannuwa tsaye a filin Allah, an rubuta a ƙasanta cewa babu intanet. Autana ya miƙo hannu ya danna dogon maɓallin nan, dabbar ta fara gudu tana tsallake ƙaya. Ya yi tsalle ya ce, "Baba ya sayo mana wasan ƙadangare!" A wajensa kuɗina sun riga sun biya.

Maƙwabcina na jikin katanga, wanda muke kira Malam, shi ya fara kawo agaji. Ya tsaya ya dubi modem ya girgiza kai.

"Maigida, ai Gombe a cikin kwari take. Sabis ba ya shiga tsakar ɗaki. Ka rataye shi a taga."

"Wace tagar?"

"Waccan ta gabas. Ta fi shan iska."

Igiyar ba ta kai ba, don haka muka ciccibi tebur da kwamfuta da komai muka kai bakin taga. Malam ya hau kujera da kansa ya ɗaure modem a jikin ƙarfen taga da tsumma, ya karkata ƙahonnin waje. Maiɗakina ta leƙo da waya a hannu ta ce, "In babu sabis, mu da me muke kallo?" Muka yi kamar ba mu ji ba. Maza biyu suna aikin fasaha, ba a katse su da tambaya mai ma'ana.

Washegari na kira wani yaro mai gyaran waya. Tun kafin in gama bayani ya ce APN ne, wato sunan ƙofar da layi ke bi ya shiga intanet na kamfaninsa. Ya ce in rubuta 192.168.8.1 a wurin adireshi, shafin modem zai buɗe. Na rubuta a kwamfuta, ƙadangare ya fito. Na rubuta a wayata, shafi ya buɗe nan take, na sa kalmar shiga, na tarar da APN zaune daram yadda ya kamata. Da na gaya masa sai ya ce to lallai layin ne ba a haɗa da lambar NIN ba, ai tun Disamban 2020 aka ba da umarnin rufe irinsu. Na danna *996# na duba, layi lafiya lau. Ya ce to in kawo kwamfutar shago a yi mata wanka. Wanka a bakin masu gyara na nufin a goge komai a karɓi kuɗi, saboda haka na ce zan neme shi.

Goggona da ke zaune da mu ba ta yarda da wannan duka ba. Ta ce kayan gwanjo ba a san hannun da suka fito ba, wataƙila mai ita bai yafe ba. Ta ba da shawara a turara ta. Na ce Goggo inji ne. Ta ce, "Injin ne ya zaɓi kowa ya ƙi ka?" Ban sami amsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne *323#. Duk lokacin da na danna don in ga ragowar data, sai in ga ta zabge. Ni ban buɗe ko shafi ɗaya ba, amma ana ta shan romo da kuɗina.

Ranar Asabar 'yar Addata ta zo gaishe da Goggo. Tana karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada. Ta same ni na zabga tagumi a bakin taga.

"Kawu, lafiya? Me ya kai modem kan taga?"

"Iska yake sha."

Ta danne dariya saboda ladabi, ta ja kujera. Ta danna maɓalli biyu, ta rubuta cmd, wani baƙin allo ya fito. Goggo daga bakin ƙofa ta ce, "Kun gani ko!" Yarinyar ta rubuta ipconfig, rubutu ya zubo, ta sa yatsa a kan wani layi.

"Kawu, ka ga wannan lambar mai farawa da 10? Adireshin kwamfutarka ke nan. Shi kuwa modem, duk wanda ya shigo gidansa yana ba shi adireshi mai farawa da 192.168.8, shi da kansa yake rabawa, ana kiran tsarin DHCP. Wayoyin nan duk sun karɓi nasu. Ita wannan, a ofishin da ta fito an rubuta mata adireshi da hannu an kafe, har da lambar ƙofar da za ta bi ta fita. Tana ta neman ƙofar ofishinsu a cikin ɗakinka."

Nan na ji tausayin kwamfutar ya kama ni. Ashe irin tsohon ma'aikacin nan ce da ya yi ritaya, amma kullum da safe sai ya sa hula ya nufi sakatariya.

Gyaran bai kai a dafa shayi ba. Ta rubuta ncpa.cpl, ta shiga saitin igiyar, ta zaɓi layin da ke da IPv4, ta mayar da ɗigon daga adireshin hannu zuwa wanda ke cewa a karɓa kai tsaye, ta yi wa DNS, wato mai fassara sunan shafi zuwa lambar adireshi, haka shi ma. Ta sake ipconfig, sai ga 192.168.8 ya bayyana. Ta rubuta ping 8.8.8.8, wai wata na'urar Google ce da ake ƙwanƙwasa wa ƙofa don gwaji, amsa ta dawo layi huɗu reras. Na miƙe zan yi kabbara, na buɗe Chrome, ya ce har yanzu da saura.

"Yi haƙuri Kawu, akwai firoksi."

Wai a ofisoshi akan sa duk kwamfutoci su bi ta hannun wata na'ura guda kafin su fita intanet, don a ga abin da ma'aikata ke buɗewa. Tawa har yau izinin waccan na'urar take jira, wadda wataƙila ita ma tana can an yi gwanjonta. Ta kashe shi. Shafin Google ya buɗe fari tas. Autana ya fashe da kuka, an kashe masa ƙadangare.

Daga nan ta ce in ba a gaya wa Windows cewa datar a ƙirge take ba, cikin dare zai kwashe ta ya sabunta kansa, don haka ta kunna masa wannan ma. Sannan ta buɗe shafin modem ta shiga jerin waɗanda ke haɗe.

"Kawu, wayoyi nawa ne a gidan nan?"

Na lissafa mata. Jerin ya ninka abin da na faɗa. Tecno, Itel, Infinix, wata ma da sunan mai ita ɓaro-ɓaro, sunan uwargidan Malam. Na ɗaga kai na dubi tagar gabas. Tana kallon tsakar gidansa.

Muka sauya kalmar sirri, muka kwance tsumma, muka mayar da tebur inda yake. Bayan sallar isha'i sai ga sallama a ƙofar gida. Na fita na tarar da Malam da waya a hannu, fuskarsa cike da damuwa.

"Maigida, ashe an sauke na'urar daga taga? Wallahi ina jiye maka, a tsakar ɗaki ba za ta ja ba."

Na ce, "Tana ja, Malam."

Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "To madalla. Ita yarinyar nan da ta gyara, yaushe za ta koma makaranta?"